Aikin Yaji

A ƙarshen wata damina, lokacin da masara ta bushe a kan kara manoma suka fara kwasarta, wani direba mazaunin Tamale ya koma gida da yamma ɗauke da kwando a bayan babur. Shekara tara ke nan yana tuƙi a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin agaji da suka cika garin, kuma a shekaru ukun ƙarshe wata Baturiyar Ingila yake kaiwa ƙauyukan Tolon da Savelugu da Yendi. Kwatsam aka yi mata canjin wurin aiki. Tana da 'yar karya da ta saya a Accra, kuma dokar shigar da kare Ingila daga ƙasa irin Ghana tana da tsawo: sai an yi masa allurar rigakafin hauka, a ɗebi jininsa bayan kwana 30 a auna, sannan a jira wata 3. Baturiyar ba ta da wannan lokacin. Ta roƙe shi har da hawaye, shi kuwa kunya ta hana shi cewa a'a ga mutumiyar da ta taɓa biya wa ɗansa kuɗin asibiti. Ya karɓi kwandon, da katin allura, da igiya, da wata ƙwallo da haƙora suka riga suka huda.

Gidansa yana gefen Vittin, inda gari yake cin gonaki sannu a hankali, amma asalinsu mutanen Hausa Zango ne. Kakansa na biyu fatake ne daga Kano da suka bi hanyar goro zuwa Salaga, suka watse bayan yaƙin basasar garin na 1892, wasunsu suka tare a Tamale, wadda Turawa suka mayar hedikwatar arewa a 1907. A gidan akwai matarsa mai sayar da hatsi, da 'ya'ya huɗu, da mahaifiyarsa, Hajiya, wadda ta haura saba'in kuma ba ta taɓa zama gida ɗaya da kare ba.

Da aka buɗe kwandon, abin da ya fito bai kai tsayin gwiwar yaro ba. Fara ce mai ja a kunnuwa da gefen ido, nauyinta bai wuce kilo shida ba. Ta zagaye tsakar gida sau uku a guje, ta leƙa madafa, ta shinshina rariya, ta dawo ta tsaya tana kallon kowa ido cikin ido.

"Wannan kwikwiyon na wane ne?" in ji Hajiya.

"Mma, ba kwikwiyo ba ne, shekararta uku. Amana aka ba ni."

"Amana? To, mai amanar ya san a gidan nan ana salla?"

Baturiyar tana kiran ta da wani suna da ke nufin barkono, yaran suka mayar da shi Yaji. A bakin mutanen gidan "kare ne" kawai, domin Hausar zangunan Ghana, wadda ake kira Gananci, ba ta cika rarrabe namiji da mace a nahawu ba. Wataƙila hakan ya sauƙaƙa musu, tun da a wannan karin harshen ƙ da k sukan haɗe, ta yadda karya matar kare da ƙarya kishiyar gaskiya za su fito da baƙi ɗaya, sai karin sauti da zancen da ake ciki su raba su. A nan za a bi daidaitacciyar Hausa a kira ta karya.

Baturiyar ta gaya wa direban cewa Yaji abokiyar zama ce, a kan gadonta take kwana, ba ta da wani aiki sai ɗebe kewa. Da ya zo maimaita wannan bayani ga mahaifiyarsa sai ya rasa kalma. Dabbar gida ta haɗa da akuya da tunkiya da jaki. Kiwo kuwa a wurin Bahaushe yana da manufa: a sayar, a yanka, a tatsa, a hau, a ɗora kaya. Akwai kiwon sha'awa, gaskiya ne, kamar na tantabaru da aku da dokin kilisa, kuma kyanwa tana shiga har ƙuryar ɗaki ba mai tsangwamar ta. Amma kare ba ya cikin wannan sahu. Bahaushe ya san karen farauta, ya san karen gadi, ya san wanda ke bin garken Fulani, kuma duk ukun sunan aikinsu aka liƙa musu. Karen da ba shi da aiki shi ne na juji, wanda yara ke jifa. Karin maganar da ke ambaton kare ma yawancinsu daga farauta suka fito ko daga zargi: karen bana shi ke maganin zomon bana, ba a kiwon kare ranar farauta, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Saboda haka da direban ya ce "don sha'awa ne kawai," Hajiya ta ji kamar an ce mata an sayi garma don ado.

Abin da Baturiyar ba ta faɗa ba, wataƙila don ita ma ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne cewa Hajiya ta fi ta kusa da gaskiyar wannan dabba. Yaji daga jinsin da ake kira Jack Russell take, ɗaya daga cikin ƙananan karnukan da Turawa ke kira teriya, kalmar da ta samo asali daga sunan ƙasa a Latin, wato karen shiga rami. Sunan jinsin na wani limamin coci ne, John Russell, wanda aka haifa a 1795 ya rasu a 1883, ya yi yawancin rayuwarsa a yankin Devon na kudu maso yammacin Ingila. A 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya ga wata farar karya a wurin mai tallan madara, ya saye ta, sunanta Trump, kuma daga gare ta ya fara zaɓen irin da yake so. Farautar da yake ƙauna ita ce ta yanyawar Turai, mai jan gashi, dangin dila. Mahaya dawakai ne ke bin ta da manyan karnuka masu bin sawu da hanci, idan ta ji wuya sai ta faɗa rami, farauta ta tsaya. A nan ake buƙatar ƙaramin kare mai siririn ƙirji wanda zai bi ta cikin duhu, ya yi ta haushi a fuskarta har ta gaji ta fito. An so shi fari domin kada a ɗauke shi yanyawar ce idan ya ɓullo daga ramin. An so shi da numfashin da zai bi dawakai wuni guda. An so shi mai yanke wa kansa shawara, domin a ƙarƙashin ƙasa ba maigidan da zai ce masa yi ko bari. Manoma kuma suka same shi gwanin kashe ɓeraye a rumbuna da turakun dawakai.

An hana irin wannan farauta da karnuka a Ingila da Wales da dokar 2004, kuma tun kafin nan jinsin ya riga ya shiga gidajen birni a matsayin abin lele. Sai dai sauya wa dabba mazauni ba ya goge abin da aka shafe kusan ƙarni biyu ana zaɓa a jininta. Kowane hali da limamin ya nema yana nan, kuma kowannensu yana da wani suna idan ya bayyana a tsakar gidan da ba yanyawa: tonon rami ya zama ɓarna, haushi ya zama damun maƙwabta, dogon numfashi ya zama rashin natsuwa, yanke wa kai shawara ya zama taurin kai. Ƙanƙantarta ce ke ruɗin mutane. Wanda ya ga kilo shida yakan zaci ɗawainiyarta ma kaɗan ce, alhali babban karen gida mai kwana a inuwa wuni guda ya fi ta sauƙin riƙo nesa ba kusa ba.

A makon farko Hajiya ta tura ɗanta wurin malaminsu a Zango, wani dattijo da ke karantar da littattafan fiƙihu a zaure bayan sallar asuba. Direban ya je yana tsammanin ɗaya daga cikin amsoshi biyu, ya dawo da abin da ya fi su wuyar ɗauka. Malam ya ce a mazhabar Imam Malik, wadda mutanenmu suka gada, duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, har yawunsa. Idan ya taɓa tufa ba ta zama najasa ba. Ƙwaryar ruwan da ya sa baki a ciki ana zubar da ruwan a wanke ta sau bakwai, amma don bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Shafi'awa suna ganin najasa ne, kuma a garin akwai malaman da suka fi tsananta al'amarin, wajibi ne a girmama wanda ya bi su. Wannan ɓangaren tsarki ke nan. Ɓangaren ajiye shi a gida kuwa daban ne. Risala, littafin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta hana ajiye kare a cikin gidaje sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi, ko farautar neman abinci, banda ta wasa. Akwai hadisin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba bisa waɗannan dalilai ba, akwai kuma na rashin shigar mala'iku ɗakin da yake ciki. Malam ya ƙara da labarin da masu sharhin Risalar ke kawowa, cewa shi kansa mawallafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa matsayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Wato buƙata tana da gurbi a hukuncin.

Daga nan ya yi tambayar da ta tsaya wa direban a rai wata takwas.

"Ita wannan, me take yi a gidan?"

"Allah gafarta Malam, ba ta yin komai."

"To, ka nema mata abin yi, ko ka nema mata wani gida. Kuma muddin tana hannunka, cinta da shanta suna wuyanka. Ka san labarin matar da ta kulle kyanwa."

Direban ya ɗauki rabin farko na hukuncin ya bar na biyu. Aka shata iyaka: ba ta shiga ɗakuna, ba ta zuwa inda ake ajiye butoci da dardumai, kwanonta daban, randar ruwa a rufe. Sannan aka yi abin da kowa ke yi wa kare a unguwar, aka ɗaure ta da sarƙa a gindin dalbejiya da ke bayan gida. A ganinsa ya sauke nauyi, tun da ga inuwa, ga ruwa, ga ragowar tuwo safe da yamma.

Wannan shi ne babban kuskuren gidan, kuma kuskure ne na mutanen kirki. Kare irin na ƙauye, wanda ake saki da dare ya zaga unguwa, yana iya jure ɗaurin rana. Yaji ba a sakin ta ko da dare, don tsoron kada a sace ta. Cikin kwana goma ta tone gindin bishiyar har saiwoyi suka fito. Ta yi haushi ga ƙadangare, ga babur, ga ladan, ga iskar hunturu da ke kaɗa kwanon rufi. Ta koyi zare kanta daga abin wuya. Duk ranar da ta kuɓuce sai an rasa takalmi ɗaya ko murfin buta, kuma sau biyu ta haƙa ƙarƙashin katanga ta fice, aka same ta can cikin gonar gyaɗa kanta a rami, wutsiya kawai ake gani. Yaran suka mayar da abin raha, suna cewa Yaji ta yi yaji, a je biko. Uwargida ba ta ga abin dariya ba. Ita ce ta matsa a rabu da kajin gidan don kada a yi asara, ga shi yanzu tana wuni tana gadin mai gadi. Ta ce tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Mutum ɗaya ce ta shaƙu da ita, babbar 'yar gidan, mai shekara goma sha biyu a lokacin. Ita ta lura cewa ranar da ta jefa wa karyar ƙwallo har ta gaji, daren ba a jin haushi. Ta faɗa, ba wanda ya saurara.

A tsakiyar hunturu wani yaron maƙwabta ya ja kunnen Yaji tana cin abinci, ta kai masa cizo a hannu. Raunin bai kai ƙwayar wake ba, amma a wannan yanki cizon kare ba a raina shi, kuma daidai ne kada a raina. Ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. Uwargida ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, kamar yadda ake koyarwa, aka kai yaron asibiti. Katin nan da direban ya jefa a aljihun mota ya manta, shi ya kwantar da hankalin iyayen, domin ya nuna allurarta ba ta wuce wa'adi ba. Likitan dabbobi ya sa a tsare ta a lura da ita kwana goma, ta fita lafiya. Daga ranar direban bai sake wasa da sabunta allurar ba. Ba abu ne mai wahalar samu a yankin ba; akwai ofishin likitan dabbobi a gari, kuma Pong-Tamale, a kan hanyar Bolgatanga, cibiyar lafiyar dabbobi ce tun zamanin Turawan mulki.

Wanda ke bayan katangarsu wani dattijon Badagombe ne, wanda iyayensa ke noma wurin tun kafin gari ya iso. Shi ya nuna wa direban inda zai haƙa rijiya, kuma matansa ne suka kwana a gidan ranar da aka haifi auta. Yana kiwon zabi, kamar yawancin gidajen Dagbon. Wanda bai zauna a arewacin Ghana ba zai iya ɗaukar zabo tsuntsu ne kawai. A can shi ake yanka wa baƙo mai daraja, shi ake kai wa suruki, shi ake kamawa a kai kasuwa ranar da aka koro yaro daga makaranta, har biki guda Dagomba ke yi da sunansa. Zabuwa da damina take ƙwai, kuma ba ta iya reno ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwan ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsakin suna da saurin mutuwa daga sanyi da ruwa, saboda haka duk wanda ya raya goma sha ya yi aiki.

Wata safiya a farkon damina, bayan ruwan dare ya tausasa ƙasa, Yaji ta haƙa ƙarƙashin katangar gabas. Ba ta yi minti biyar a can ba. Teriya ba ta kisa don yunwa. Kama wuya take yi ta girgiza sau ɗaya ta yar, ta nufi na gaba, domin haka ake so ta yi wa ɓeraye. Tsaki goma sha ɗaya ta kashe, da kazar da ke renon su, ba ta ci ko ɗaya ba.

Dattijon ya zo da kansa bayan hantsi, jikansa na biye da shi da kwano a rufe. Aka yi gaisuwa irin ta Dagomba, doguwa, direban a durƙushe yana amsa "naa" ga tambayar kwana da gajiya da sanyi da iyali. Sai da aka ƙare duka sannan yaron ya buɗe kwanon ya ajiye a ƙasa. Dattijon bai ɗaga murya ba, bai ambaci kuɗi ba.

"Na kawo ne ka gani da idonka, kada ka ji a bakin mata."

"M ba, na gani. Ban da bakin magana. Duk abin da ka yanke, shi ne."

"Ni ban zo yanke komai ba. Dabbarka ce."

Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Direban ya aika ƙanin matarsa da kuɗin da ya ninka ƙimar tsakin, aka dawo da su. Ma'anar a fili take: abin da ya lalace ba na sayarwa ba ne, kuma muddin karyar tana nan yadda take, gobe ma haka za ta faru. A daren aka yi shawara a tsakar gida. Uwargida ta ce a ba da ita ga duk mai so. Wani ɗan'uwa ya ce a unguwarsu kare mai cin kaji ba ya kwana biyu. Yarinyar ta zauna a bakin madafa tana kuka ba sauti. Kowa ya zaci Hajiya za ta ce dama ta faɗa, amma abin da ta ce shi ne:

"Wata takwas kun ɗaure baiwar Allah ba ku sa ta komai ba. Ni ba na son ta, amma ban ce a zalunce ta ba. Malam me ya ce maka?"

Mafita ta zo daga gidan da aka yi wa ɓarna. Dattijon yana da ɗa mafarauci, cikin samarin da ke cika manyan motoci da rani, da kulake da karnuka, su tafi daji farautar taro bayan an sa wa ciyawa wuta. Direban ya yi tunanin ba shi ita kyauta, ya zama an huta kuma an rage laifi. Saurayin ya zo ya duba ta. Ya taɓa ƙirjinta, ya buɗe bakinta, ya kalli ramukan da ke gindin dalbejiya, ya yi dariya. Ya ce wannan ba ta gudun fili ba ce. Karnukansu masu dogayen ƙafafu za su bar ta a baya cikin zafin Maris, kuma da yadda take cusa kai a kowane rami, kububuwa za ta gama da ita a fitar farko. Ban da haka damina ce, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba doka ta rufe farautar yawancin namun daji a Ghana. "Amma wannan," in ji shi, "maganin gafiya ce. Kuna da sito?" Mutumin da bai taɓa jin sunan John Russell ba ya karanta a jikin dabbar, cikin 'yan mintoci, abin da aka ƙera ta dominsa.

Suna da sito. Uwargida tana tara masara da gyaɗa da waken suya lokacin kaka ta kai kasuwar Aboabo idan sun yi tsada, kuma kowace shekara ɓeraye da gafiyoyi suna huda buhuna su ɓata abin da ba su ci ba. Guba take sawa, ɓerayen su mutu a cikin rufi su yi wari. Aka share gubar sarai, aka jira mako biyu, domin karen da ya ci ɓeran da ya ci guba shi ma yana iya tafiya. Sannan wata Asabar aka rufe ƙofa, samari biyu suna ɗaga buhuna, aka saki Yaji. Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin ta shiru irin na ranar ba. Ba haushi, ba tsalle-tsallen banza. Takan tsaya cik, ƙafa ɗaya a ɗage, sai an motsa buhu ta faɗa. Kafin azahar an jera abin da ta kashe a bakin ƙofa, har da wani burgu da ya kusa rabin girmanta. Ta sha ruwa, ta kwanta a inuwa, ta yi barci har la'asar.

Bayan mako guda mafaraucin ya zo aron ta zuwa rumbun mahaifinsa. Aka kulle kaji da zabi a akurki, yarinyar ta riƙe igiya har ƙofar rumbu. Da yamma dattijon ya aiko da ƙwan zabi shida a ƙwarya. Direban ya fahimci saƙon, kuma da kaka ta zo ya kai masa buhun masara, wannan karon ba a dawo da shi ba. Malam, da aka koma masa, ya ce a fahimtarsa tsaron hatsi a rumbu ɗan'uwan tsaron shuka ne a gona, ko da yake ya san akwai wanda ba zai yarda da wannan ƙiyasi ba.

Kada a ɗauka cewa aikin sito ya warware komai. Ɓeraye ba sa isa aikin kowace rana, ƙarfin karyar kuwa kullum sabo yake wayewa. Abin da ya riƙe zaman shi ne wahalar da yarinyar ta ɗora wa kanta: fita da ita a igiya bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, kusan awa guda, sannan wasan ƙwallo da yamma. An zuba siminti a gindin katanga zagaye da bayan gida aka cire sarƙar. An kai ta an cire mata mahaifa, don kada karnukan unguwa su yi sansani a ƙofa. Ana cire mata kaska, ana ba ta maganin tsutsar ciki, an daina zuba mata ragowar miya mai albasa, domin albasa tana lalata jinin kare, haka ma ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soke hanji. Duk wannan kuɗi ne da lokaci, a gidan da albashi ɗaya da cinikin hatsi ke riƙe da mutum bakwai. Kuma har yau ba a yarda da ita kusa da tsuntsu ba, ba kuma za a yarda ba. Ana iya koya wa teriya ta zo idan an kira ta, amma tsako mai gudu a gabanta ya fi muryar kowa ƙarfi.

Idan wani a unguwar ya ga Yaji ya yi sha'awa, ya tambayi direban inda ake samun irinta, yakan ce masa in ɓera ne damuwarsa ya nemi kyanwa, in gadi ne ya nemi karen gida, wanda ya saba da zafin ƙasar da cututtukanta kuma ba ya neman a yi masa hidima. Shawara ce mai kyau. Gidan da ke cikin Zango, inda ɗakuna ke haɗe, tsakar gida ta mutum ashirin ce, awaki da kaji na yawo, kuma kowane lungu wurin alwalar wani ne, ba wurin wannan jinsi ba ne ko kaɗan. Irinta suna kai shekara 13 zuwa 16 a duniya, wanda ya karɓi mai shekara uku ya ɗauki alkawarin shekara goma ko fiye, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan lissafi ne ke gaban gidan yanzu. Yarinyar ta gama ƙaramar sakandare, kuma makarantar kwana za ta tafi. Ta fara fita da ƙanenta mai shekara tara da asuba tana nuna masa yadda ake naɗe igiya a hannu, da inda za a kauce saboda zabi, amma yaron mai nauyin barci ne, kuma sau biyu karyar ta fizge daga hannunsa. Dattijon ya sake sa wa kaza ƙwai bana.

Hajiya har yanzu ba ta taɓa Yaji da hannunta ba, kuma idan karyar ta gifta kusa da ita takan tattare zaninta. Amma a daren Bugum, bikin wutar Dagomba na farkon shekarar Musulunci, lokacin da samari suka fito da dammunan ciyawa masu ci suna harba bindigogin gargajiya, karyar da ba ta tsoron burgu ta rikice, tana karkarwa tana kartar ƙofar baya. Mutanen gidan duk sun fita kallo, sai tsohuwar. Da suka dawo sun tarar an buɗe ɗakin gawayi da ke jikin madafa, an shimfiɗa tsohon buhu, Yaji na kwance a kai, ga ruwa a kwanonta. Yarinyar ta je ta durƙusa a ƙofar kakarta za ta yi godiya.

"Ke kishiya, tashi ki ba ni wuri," in ji Hajiya daga cikin ɗaki. "Kukanta ne ya hana ni lazimi. Gobe ki wanke min ɗakin nan, kuma ki gaya wa ƙanenki in ya sake makara da asuba, ni zan tashe shi."